Wasiƙa da Igwa: Mas'alar Yaƙin Kano da Sakkwato na 1903

Tun ranar da igwar Nasara ta yi tsawa a bakin ganuwar Kano, ranar 3 ga Fabrairu na shekarar 1903, masu nazarin tarihin ƙasar nan ba su gushe ba suna jayayya a kan mas'ala guda, wadda ita ce: shin yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a bisa 'yancin kansu abu ne da babu makawa sai ya auku, ko kuwa sakacin manzanni da tafintoci da marubuta wasiƙu ne ya jawo shi, ta yadda da an dace da mai hikima ɗaya a Zungeru, mazaunin gwamnan Turawa, ko a Sakkwato da an kashe wutar tun tana tartsatsi? Kowane ɓangare yana da hujjojinsa, kuma hujjojin ba na wasa ba ne. Sai dai wanda yake son ya yi hukunci da adalci a tsakaninsu, lalle ne ya koma baya da shekaru kusan tamanin, ya bi sawun takardun da suka gudana tsakanin Sarakunan Musulmi da Turawan Ingila ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsu ne ciwon ya fara ruruwa tun ba a ji zafinsa ba.

Abin da ya kamata a fara kawarwa shi ne zaton cewa mutanen Sakkwato ba su san sha'anin manzanci ba. Daular nan da alƙalami aka tafiyar da ita kamar yadda aka kafa ta da takobi. Tun zamanin Waziri Gidado ɗan Laima gidan Waziri ya zama matattarar wasiƙu, inda ake karɓar saƙon sarakunan gabas, a rubuta amsa da Larabci, a buga hatimi, a adana kwafi; kuma muhawarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi da Shehun Barno Muhammadu al-Amin al-Kanemi a kan halaccin jihadi, wadda Bello ya tsakuro a cikin Infaƙul Maisuri, ta isa shaida cewa mutanen sun iya kafa hujja da warware ta a rubuce. Da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya sauke shi da karamci, ya yi masa tambayoyi a kan Ingila da addininta da cinikinta, har ya ba shi wasiƙa zuwa ga sarkinsu. Da ya komo karo na biyu ɗauke da saƙo da tsarabar da zai wuce da su Barno, alhali ana cikin yaƙi da Barno, sai Bello ya hana, abin da ya ɓata wa baƙon rai har ajalinsa ya riske shi a can a 1827. Heinrich Barth kuma, a 1853, ya samo wa fataken Ingila takardar izinin ciniki daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Duk waɗannan mu'amaloli a kan ƙa'ida ɗaya ta fiƙihu suka ginu, wato amana: baƙo wanda ba Musulmi ba yana shiga ƙasar Musulunci da izinin shugaba, a tsare masa jininsa da dukiyarsa, ya yi saye da sayarwa, ya koma inda ya fito. Mai ba da amana shi ne a sama, mai karɓa a ƙasa, kuma babu wanda ya taɓa tunanin cewa takardar amana za ta iya juyewa ta zama takardar sayar da ƙasa.

To, wannan juyin shi ne ya faru a 1885. A shekarar nan, jim kaɗan bayan an tashi daga taron Balin inda ƙasashen Turai suka shata wa junansu dokokin wawason Afirka, kamfanin George Goldie ya aiko Joseph Thomson zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a Wurno, da kuma Sarkin Gwandu Maliki, ya komo da yarjejeniya daga kowannensu. A nassin Turanci da kamfanin ya riƙa nunawa a Turai, sarakunan sun sallama masa iko a kan gaɓar Kwara da Binuwai, a madadin wani adadi na kuɗi da zai riƙa biya kowace shekara. A fahimtar fadar Sakkwato kuwa, wasu fatake ne suka nemi izinin ciniki a bakin kogi, aka ba su, suka ɗauki alkawarin kawo gaisuwa shekara-shekara kamar yadda kowane mai neman inuwa yake kawowa. Kuɗi ɗaya ne ake miƙawa, amma mai bayarwa yana lissafa shi a matsayin farashin mulki, mai karɓa yana lissafa shi a matsayin haraji. Da takardun nan Ingila ta yi tinƙaho a gaban Faransa, har aka ja layi a 1890 daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, aka ce abin da yake kudu da shi rabon Ingila ne, ba tare da an shawarci ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. Shi ya sa da Bafaranshe Monteil ya ratso a 1891, Sarkin Musulmi Abdurrahman bai ga wani abin hani ba ga ƙulla alkawari da shi ma. A wurinsa ƙofar amana a buɗe take ga kowane baƙo mai ladabi.

A farkon 1897 ne fatake suka tuɓe rigar fatauci. Goldie ya jagoranci rundunar kamfani ta ci Bida, ta kori Etsu Abubakar, ta ɗora wani a gurbinsa, sannan ta wuce ta ci Ilori. Garuruwan nan biyu suna ƙarƙashin Gwandu ne, sarakunansu da tutar jihadi suke mulki. A shari'a hukuncin a fili yake: wanda aka ba amana, in ya zare makami a kan Musulmi, amanarsa ta warware. Daga wannan lokaci duk wata takarda da ta fito daga bakin kogi, fadar Sakkwato ba ta ƙara karanta ta da idon da take karantawa a da ba, kuma wanda ya manta da Bida ta 1897 ba zai fahimci shirun da Abdurrahman ya yi daga baya ba.

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lokoja aka ɗaga ta gwamnatin Ingila, aka karanta shelar cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya, aka naɗa Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, ya zama shugaba. Lugga ya sa aka fassara shelar, ya ba wani ɗan aike ya kai Sakkwato. An ruwaito cewa da aka karanta wa Abdurrahman, sai ya ce ba zai ƙara karɓar wasiƙar Turawa ba, kuma ɗan aiken ya koma hannu rabbana. Lugga ya rubuta wannan a cikin rahotanninsa a matsayin wulaƙanci ga gwamnatin Ingila. Masu ɗora laifi a kan tafinta suna cewa fassarar ta yi kaushi, ba ta bi ladubban da ake rubuta wa Amirul Muminina ba, kuma mai yiwuwa ne hakan gaskiya ce. Amma ni ina tambaya: wane gwanin Larabci ne zai iya tausasa ma'anar takardar? Kalmar kariya kanta ita ce dafin. A littattafan da malaman Sakkwato suka karanta, shugaban Musulmi shi ne yake sanya wasu ƙarƙashin zimmarsa. A ce yau Nasara ne zai sanya Sarkin Musulmi ƙarƙashin tasa zimmar, wannan magana ce da babu babin da za a ajiye ta a cikinsa, ko da an rubuta ta da ruwan zinariya.

Abin da ya biyo baya ya ƙara dagula lamarin, domin Lugga ya ɗauki wata ɗabi'a ta aikata abu tukuna, sannan ya aika da wasiƙar bayani. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kwantagora da Bida. A Satumbar shekarar suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. A Fabrairun 1902 suka shiga Bauci suka tuɓe Sarki Umaru. A cikin shekarar kuma suka girke soja a Zariya, bayan Sarki Kwasau ya nemi agajinsu a kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda ya addabi ƙasarsa da hare-hare. Bai kamata a ɓoye ba cewa hujjar da Lugga ya fi dogara da ita, wato farautar bayi, tana da tushe: Nagwamatse ya mayar da ƙasar Gwari kufai, kuma ba shi kaɗai ba ne. Bayan faɗuwar Kwantagora, Lugga ya rubuta wa Abdurrahman yana neman ya zaɓi wanda za a naɗa a can, yana ganin ya yi masa babbar karramawa da ya amince cewa shi ne mai naɗi. Sarkin Musulmi bai amsa ba. Kuma yaya zai amsa? Da ya aika da suna, da ya sa hannu ke nan a kan cewa Nasara suna da haƙƙin tuɓewa, shi kuma sai dai a ba shi aron haƙƙin naɗawa.

Duk da haka ba zan wanke Abdurrahman ba. Mutum ne mai zafin hali, har talakawa suka laƙaba masa Ɗanyen Kasko, kuma zamaninsa cike yake da tangarɗa: yaƙinsa da Argungu a 1892 ya ƙare da kaye, sannan nacewarsa a kan naɗa Tukur a Kano, saɓanin shawarar Waziri Buhari, ta haifar da basasar da ta fara a 1893, wadda ta ƙare da Aliyu Babba, wato Alu, a kan gadon sarautar Kano, ba da son Sakkwato ba. A gabas Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. A arewa rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, Damagaram ta faɗa hannun Faransa a shekarar. Shugaban da aka yi wa irin wannan zobe, yana da abubuwa biyu a gabansa da hankali zai karɓa: ko ya tara sarakunansa su haɗa ƙarfi wuri ɗaya, ko ya buɗe ƙofar magana ya ja lokaci, ya ga abin da zai iya tsira da shi. Bai yi ko ɗaya ba. Kowane sarki ya fuskanci igwa shi kaɗai, wasiƙun neman shawara suna ta kwarara zuwa gidan Waziri, fada kuwa ta yi gum. Shiru ma magana ce, in ji masu iya magana, amma sai ga wanda ya iya karanta shi, Lugga kuwa ya karanta shi yadda ya ga dama.

Yanzu mun iso ga wasiƙar da ta fi kowacce tayar da ƙura. Lugga ya ce a wajen watan Mayu na 1902 wata gajeriyar takarda ta same shi daga Abdurrahman, wadda ma'anarta ita ce Sarkin Musulmi bai yarda wani Bature ya zauna a ƙasarsa ba, ba zai taɓa daidaitawa da su ba, kuma babu abin da yake tsakaninsu sai abin da yake tsakanin Musulmi da kafirai, wato yaƙi. A kan wannan takarda ya gina hukuncinsa cewa Sakkwato ta shelanta yaƙi, kuma ta warware duk alkawuran da aka ƙulla tun zamanin kamfani. Sai dai akwai ababen lura. Na farko, ba a sami asalin Larabcin takardar ba, fassarar Turanci kaɗai ta wanzu. Na biyu, Lugga bai gaggauta sanar da Landan ba, sai da watanni suka shuɗe, lokacin da yake bukatar hujjar hawa Kano, sannan ya fito da ita. Na uku kuwa, a daidai wannan lokaci wata wasiƙar ta fito daga fadar, amsa ga bayanin da aka aika a kan Bauci, kuma harshenta dabam ne: cewa ta yi ba a gayyaci Turawa su gyara Bauci ko wani gari ba, ba a neman taimakon kowa sai na Allah, kowa ya riƙe addininsa. Wannan ƙi ne, amma ƙi na mai rufe ƙofarsa, babu kiran yaƙi a ciki.

A kan waɗannan dalilai ne D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin Turawa ne a Arewa, ya jefa shakku a kan takardar a littafin da ya wallafa a 1964, yana nuna cewa ko dai an yi kuskure a fassararta, ko an ɗora ta a lokacin da ba nata ba, ko an yi amfani da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Wasu masana kuma, musamman waɗanda suka bi tafarkin R. A. Adeleye wajen karanta siyasar daular ta fuskar shari'arta, suna ganin cewa ko da an cire takardar nan daga lissafi, matsayin Sakkwato bai sauya ba, tun da abin da aka jingina mata bai saɓa wa abin da Shehu ya karantar ba a kan haramcin jiɓintar kafirai, kamar yadda ya zo a Bayanu Wujubil Hijira. Ni a nawa ganin, dukansu biyu sun faɗi gaskiya, amma kowanne a kan tambaya dabam yake amsawa. Ma'anar takardar ba baƙuwa ba ce ga zuciyar Abdurrahman. Amma mutumin da ya ajiye shelar yaƙi a aljihu wata da watanni, bai ɗauke ta shelar yaƙi ba a ranar da ta zo masa, sai a ranar da ya bukace ta.

Ranar bukatar ta zo daga Keffi. A farkon Oktoba 1902, Razdan Kyaftin Moloney, wanda gurgu ne sabili da raunin da ya samu a wani yaƙi, ya je ƙofar fadar Keffi yana neman Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya fito a yi magana. Wanda yake kai da kawowa tsakaninsu shi ne Audu Timtim, ɗan aiken Razdan, kuma ruwayar da ta shahara ita ce ya riƙa sauya magana, yana gaya wa Magaji cewa kama shi za a yi. Da Magaji ya ga an aika a kira soja, sai ya fito a kan doki ya kashe Moloney, aka kashe Audu Timtim, shi kuwa ya yi arewa har Kano, inda Alu ya karɓe shi hannu biyu-biyu. In akwai wurin da za a ce harshen tafinta ya zubar da jini a wannan tarihi, to nan ne, ba a wasiƙun fada ba. Alu a nasa ɓangaren bai ga yadda zai miƙa Musulmi mai neman mafaka ga Nasara ba. Lugga kuma yana ganin in aka bar jinin Bature ya tafi a banza, ran kowane Razdan da yake zaune da 'yan sojoji kaɗan a tsakiyar dubban jama'a ya shiga haɗari.

A cikin wannan watan na Oktoba ne Allah ya yi wa Abdurrahman rasuwa, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu. Nan ne nake ganin mas'alar ta fi nauyi, kuma nan ne masu cewa yaƙi ba makawa suke saurin wucewa. Mutumin da aka ce ya rubuta takardar yaƙi ya kwanta dama. Sabon Sarkin Musulmi bai rubuta wa kowa komai ba tukuna. A al'adar kowace fada a duniya, mutuwar sarki da hawan wani lokaci ne na ta'aziyya da mubaya'a da sabunta zumunci, lokacin da abokin gaba yake iya aiko da manzo ba tare da an ce ya ji tsoro ba. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu wata uku ne da ɗoriya, kuma tafiyar Zungeru zuwa Sakkwato ba ta kai haka ba. Babu manzon ta'aziyya da ya tashi daga Zungeru, babu kuma wasiƙar sanar da hawa da ta tashi daga Sakkwato. Lugga yana jiran a gaishe shi a matsayin mai ƙasa, Attahiru ba ya ganin akwai wani mai ƙasa da zai gaisar. A wannan tsakanin abin da ake yi a Zariya shi ne tara soja da kayan yaƙi, bisa hujjar cewa Kano tana shirin kawo hari. Alu kuwa, a farkon Janairu 1903, ya kwashi manyan hakimansa da mahaya kimanin 2,000 ya nufi Sakkwato don yin mubaya'a, wato ya ba Zariya baya, ya bar birni a hannun Sarkin Shanu da 'yan tsirarun bayin sarki.

Akwai wata gazawar magana ta uku da ba a cika ambato ba, wadda ba ta shafi Larabci ko Hausa ba, domin tsakanin Bature da Bature ta auku. Gwamnatin Landan ba ta son sabon yaƙi a lokacin. Yaƙin Afirka ta Kudu bai daɗe da ƙarewa ba, a Mayun 1902, bayan ya lashe dukiya da rayuka. Joseph Chamberlain, ministan ƙasashen mallaka, yana can Afirka ta Kudu yana rangadi, ofis yana hannun Lord Onslow. A cikin Disamba sai ma'aikatan ofishin suka tsinci labarin shirin hawa Kano a jaridu kafin su ji shi filla-filla daga bakin gwamnansu. Aka yi ta aika masa talgiram ana tambayarsa ko ba za a gwada hanyar lalama ba, shi kuma yana amsawa da cewa sojojin Zariya suna cikin haɗari, kuma jami'an da za su shata iyaka da Faransa ba za su iya ratsa ƙasar Sakkwato da Katsina lafiya ba muddin ba a karya Kano ba. Daga ƙarshe Landan ta sakar masa, tana mai nuna takaicinta cewa bai sanar da ita a kan kari ba. Da a ce Lugga ya shimfiɗa wa shugabanninsa wasiƙun nan biyu tare tun a tsakiyar 1902, da wuya su bar shi ya motsa ba tare da ya fara aika manzo ba, kuma ina kyautata zaton ya san haka.

Ranar 29 ga Janairu Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, akasarinsu Hausawa da Yarabawa, abin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kansa, tare da igwa 4 da bindigogi masu ruwan harsashi 4. Suka fasa Bebeji a hanya, suka huda ganuwar Kano ta wajen Kabuga, Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki. Labari ya riski Alu a hanyar komowa, ya sulale da dare ya bar rundunar. Wazirin Kano Ahmadu ya ja wani sashe ya yi shahada a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya ja sauran suka koma Kano ya miƙa wuya. Sai a wannan lokaci, bayan Kano ta faɗi, Morland ya rubuta wa Attahiru, yana bayyana cewa karɓar Magajin Keffi ce ta jawo wa Alu, kuma suna tafe Sakkwato za su zaunar da Razdan da soja, in an karɓe su lafiya babu faɗa. Amsar da Attahiru ya bayar ita ce, a ganina, takarda mafi ban tausayi a cikin jerin duka: ya ce ya ga saƙo, ya aika a kira mashawartansa, in sun taru sun tsayar da magana zai rubuto abin da suka yanke. Wannan ba amsar mai ƙishirwar yaƙi ba ce. Rundunar ba ta tsaya jira ba.

Kuma haƙiƙa shawarar ake yi, ba yaudara ba ce. Manyan Sakkwato sun rabu uku. Wasu, irin su Marafa Maiturare, suna ganin a tsaya a yi yaƙi a gaban Hubbaren Shehu. Wasu suna ganin hijira ta wajaba, a bar wa Nasara ƙasa a nufi gabas, ra'ayin da Alu ya riga ya rubuto wa Waziri, kuma shi Attahiru ya fi karkata gare shi. Wasu kuma suna ganin shari'a ta halatta muhadana, wato sulhu na wani lokaci, idan Musulmi suka yi rauni kuma maslaha ta bukaci haka, suna kafa hujja da sulhun Hudaibiyya. Ba a kai ga ittifaƙi ba har ƙurar abokan gaba ta bayyana. Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a filin Giginya a wajen birni, faɗan bai daɗe ba, jama'a ta watse, sai wasu 'yan tsiraru da suka tsaya a gindin tuta har aka kashe su a wurin. Lugga ya iso bayan kwana huɗu, kuma ranar 21 ga Maris aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A jawabinsa ya gaya wa manyan gari cewa su da kansu suka kashe alkawari, cewa abin da Fulani suka samu da takobi yanzu ya koma hannun Ingila da takobi, naɗi da tuɓewa da haraji duk na gwamna ne, amma ba za a taɓa addini ba.

Jawabin nan shi ne hujja mafi ƙarfi ga masu cewa babu wasiƙar da za ta hana abin da ya faru, kuma dole a ba su gaskiyarsu. Abin da Lugga yake nema shi ne mulki ɗungurungum, kuma ya fi son ya same shi ta hanyar cin yaƙi, domin sarkin da aka ci da yaƙi ba ya da wata tsohuwar takarda da zai ɗaga ya ce an saɓa masa. Faransa tana matsowa daga arewa tana ƙorafin cewa hanyar da aka bar mata tsakanin Kwara da Damagaram babu ruwa, kuma Ingila ba za ta iya ci gaba da iƙirarin mallakar ƙasar da jami'anta ba sa iya takawa ba. Abin da ake nema kuwa, babu Sarkin Musulmin da zai iya bayar da shi da alƙalaminsa ya wanzu Sarkin Musulmi. Ta wannan fuska, mamayar ba ta rataya a kan kuskuren tafinta ba.

Amma mamaya dabam, zubar da jini dabam, kuma a nan nake rabuwa da su. Katsina ta karɓi Lugga a ƙarshen Maris ɗin nan ba a harba ko harsashi ɗaya ba, Gwandu ma haka. Waziri Buhari, wanda ya fita tare da masu gudu, ya tsaya ya nemi fatawar malamai, aka nuna masa cewa ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri don tsare addini da rayukan raunana, muddin zuciya ba ta jiɓince shi ba. Ya komo ya miƙa wuya, ya kuma rubuta risala yana bayyana uzurinsa ga ma'abota ilimi. Wato ƙofar da fiƙihu ya buɗe bayan Giginya, tana nan tun kafin Giginya, kuma akwai masu nuna ta a cikin majalisar Attahiru. Abin da suka rasa shi ne lokaci, da kuma manzo daga ɗaya ɓangaren wanda zai zo da sharuɗɗa a rubuce, musamman alkawarin nan na ƙin taɓa addini, wanda Lugga bai furta a Sakkwato ba sai da gawawwaki suka kwanta. Da an kai wannan alkawari a Nuwamba maimakon Maris, ban ce lalle da an karɓa ba, amma da masu ra'ayin sulhu sun sami abin riƙewa a hannu. Hukuncina shi ne: Abdurrahman yana da alhakin shirun shekara biyu, Alu yana da alhakin karɓar Magaji ba tare da ya shirya wa abin da zai biyo baya ba, amma kaso mafi girma na Lugga ne, domin shi ne mai ƙarfi, shi ne mai zaɓin lokaci, kuma shi ne ya ga ƙofa a buɗe a watan Oktoba ya kau da kai.

Attahiru na farko bai komo ba. Ya nufi gabas da niyyar hijira, talakawa da malamai da sarakuna suna barin gonakinsu da gidajensu suna bin sa, har abin ya firgita Turawa fiye da yadda Giginya ta firgita su. Suka bi shi har Burmi a ƙasar Gombe, inda aka kore su a karon farko a watan Mayu, suka komo da ƙarin ƙarfi ranar 27 ga Yuli 1903. A ranar aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mutanensa, aka kuma kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira Mai Wurno, inda jikokinsu suke har yanzu.